Ina Ruwan Ya Tafi

Shekara talatin ina jima a bayan Birni.
Farcena ya rine, tafina ya ɗauki launin bagaruwa.
Fatar akuya ta shigo da gashi da ɗoyi,
ta fita ja, da laushin kuncin jinjiri.
Masu saye su shafa, su yaba, su taya.
Ba wanda ya taɓa cewa: Brah, ina ruwan ya tafi?

Ni na sani.
Yana bin kwata, ya kewaye gindin duwatsu,
ya gangara tabkin da Malam Kanta ke ban-ruwan salati.
Bara ganyensa ya ƙone daga gefe.
Bai kai ni ƙara ba.
Ya dai daina haɗa sunana da gaisuwa,
kuma wannan ya fi sammaci zafi.

A Damagaram,
inda jarka ke kwana a layin famfo
ta riga mai ita jin kiran assalatu,
ni ke ɓata ruwa,
in sake shi ya je ya ɓata wani.

Sai ga Gaji, 'yar ƙanwata, daga jami'a,
buhu biyu a bayan kabu-kabu.
Ɗaya yumɓun Mirya,
daga ramin da kakarta Yaha ke ɗiba don ginin tulu.
Ɗaya ƙodagon goruba da yara suka gwaguye suka yar.
Na ce, karatun ke nan, tsince-tsince a juji?
Ta yi dariya ta nemi aron turmi.

Ta ƙona ƙodagon a rufaffiyar tukunya,
ta daka gawayin har ya koma kwalli,
ta kwaɓa da yumɓu,
ta mulmula ƙanana kamar gurjiya.
Gashin farko suka farfashe.
Na biyu suka ga ruwa suka koma taɓo.
Ta zauna bakin ramin jima, littafi a cinya,
har magariba ba ta juya shafi ba.

Yaha ce ta biyo ranar kasuwa.
Ta murza guda a yatsa, ta kai harshe.
"Kin yi wa wuta gaggawa.
Kwana huɗu a inuwa tukuna.
Yumɓu ba ya son tsawa."

Na uku, da aka zuba su a kwano,
suka yi amon tsakuwa.

Gaji ta ce cikin kowace ƙwaya akwai ɗakuna
da ido ba ya iya ƙirgawa:
gawayi ya kama launi da wari,
yumɓu ya riƙe abin da ya kuɓuce masa.
Ni abin da na gane,
ɗaya mai masauki ne, ɗaya mai gadi.

Muka cika gangar roba, yashi a ƙasa.
Da hantsi na zuba abin kunyata.
Da la'asar ya fara ɗiga.
Ba garau ba, kada in yi ƙarya,
kamar shayi zubi na uku.
Amma hancina ya nema, ya rasa.
"Kada ka sha, Kawu," in ji ta,
ta cika kwalba, ta rubuta kwanan wata, ta tafi da ita awo.

Ran da ta ce to,
na ɗauki bokiti da kaina har garkar Kanta.
Ya sunsuna. Ya daɗe.
Ya zuba wa fangali ɗaya, na can ƙarshe.
"Mu ga mako, Brah."
Na juyo da sunana a kunne kamar sabuwar hula.

Saura magana ɗaya.
Ƙwayoyin suna ƙoshi, su daina ci.
Na ce, su kuma ina za su?
Ta ce tana kan bincike, wataƙila cikin bulo.
Kafin nan na ɗure su a buhu,
na jingine a zaurena, kusa da tabarma.

Shekara talatin,
yau ne dauɗata ta fara kwana a gida.